Zazzaɓi da ƙuraje a farkon ciki: abin da ya kamata kowane gida a Adar ya sani



Akwai tambayar da ke yawan dawowa a shirinmu na lafiya. Macce ta yi cikinta lafiya, ta haihu lafiya, amma jinjiri ya zo da fari a ƙwayar ido, ko kuma ya kai shekara biyu in an kira shi ba ya waiwayowa. Mi ke kawo haka? Dalilan suna da yawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani ɗan ciwo da uwa ta yi tun cikin bai fito ba, zazzaɓi na kwana biyu ko uku wanda ita kanta ta manta da shi. Mun tattara bayanin a nan domin wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Mi ya sa watanni uku na farko?

A cikin waɗannan watanni ne ake ƙera jikin ɗan tayi. Zuciya tana fara bugawa kamar sati uku bayan shigar ciki, lokacin da macce ke cewa wata ya ɓace mata. Ido, kunne da ƙwaƙwalwa duk a wata na biyu da na uku suke samun siffarsu. In wata na uku ya ƙare, gaɓoɓi sun kafu, abin da ya rage girma ne da ƙwari. Mai gini ya san bambancin ruwan da ya faɗi kan ɗanyen tubali da wanda ya faɗi kan bangon da ya bushe.

Wasu ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira birus suna iya bi ta jinin uwa, su ratsa mabiyiya, su shiga jikin ɗan tayi. In suka iske gaɓa tana kafuwa sai su tsaida ta ko su ɓata ta. Kafso da allurar da ake sha don ƙuraje ko gyambo ba su kashe birus.

Matsalarmu a nan ita ce, watannin da suka fi haɗari su ne waɗanda ake ɓoye ciki. Yarinya mai cikin fari tana jin kunyar uwar miji, tana jin kunyar uwarta. Wata tana tsoron baki ko maita. Da yawa ba su zuwa awo sai ciki ya kai wata biyar ko shida. A lokacin, abin da zai faru ya riga ya faru.

Rubeyol, wadda ake ɗauka ƙaramar dusa

Cutar da ta fi shahara wajen wagga ɓarna ita ce rubeyol, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus. Tana kama da dusa, wato ƙyanda ko baƙon dauro, amma ƙwayar da ke kawo ta dabam ce, kuma wanda ya yi dusa bai tsira daga rubeyol ba.

Ana ɗaukar ta ta tari da atishawa. Bayan sati biyu zuwa uku sai alamomi su fito: ɗan zazzaɓi marar zafi, ƙananan ƙuraje da ke farawa a fuska da wuya su gangara jiki, su ɓace cikin kwana ɗaya zuwa uku, jan ido kaɗan, da kaluluwa a bayan kunne da ƙeya. Manyan mata sukan ƙara da ciwon gaɓoɓi, musamman yatsu, wuyan hannu da gwiwa. A baƙar fata ƙurajen ba su cika fitowa sosai ba, sai a ce ai na zafi ne. Kusan rabin masu ɗauke da ita ma ba su nuna wata alama. Mutum yana iya yaɗa ta tun sati guda kafin ƙurajen su fito. Kamar dusa, ta fi yawo da rani zuwa bazara.

Ga yaro, rubeyol ba wani abu ba ce. Ga mai sabon ciki ne take da muni. In macce ta kamu a cikin sati goma zuwa goma sha biyu na farko, cikin jarirai goma har tara suna iya samun lahani, ko cikin ya zube, ko a haifi ɗa ba rai. Daga sati 13 zuwa 16 haɗarin yana raguwa, kuma yawanci kunne yake taɓawa. Bayan sati 20, wato wata biyar, da wuya ta yi ɓarna.

Lahanin da aka fi gani uku ne: kurumta, yanar ido, da ciwon zuciya wanda ake haifar yaro da shi. Wani yaron yana zuwa da ɗaya, wani da duka. Akwai kuma ƙanƙantar kai, rashin nauyi, da jinkirin wayo. Kurumtar takan ɓuya, ba a gane ta sai lokacin magana ya yi yaro bai fara ba.

Wani likitan ido a ƙasar Ostireliya mai suna Norman Gregg ne ya fara gano haka a 1941, da ya ga ana ta kawo masa jarirai masu yana a ido, ya bincika ya iske iyayensu mata sun yi rubeyol a farkon ciki. A Amurka, annobar 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai wajen 20,000 da wanga lahani. A 1969 aka samu allurar rigakafi, kuma a 2015 aka tabbatar nahiyar Amurka ta rabu da cutar. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2010 jarirai kusan 100,000 aka haifa da lahanin rubeyol a duniya, mafi yawansu a Afirka da kudancin Asiya.

A ƙasashen da ba a yi rigakafi ba, yawancin mata sun yi rubeyol tun suna yara ba tare da an sani ba, kuma wadda ta yi sau ɗaya ta samu kariya har ƙarshen rayuwa. Amma ba duka ba. Wadda ta tsallake tana ƙarama, ta zo ta kamu tana amarya, ita ce abin ke faɗa ma. Shi ya sa 'yan mata masu cikin fari suka fi zama cikin haɗari.

Maganar allurar rigakafi

Allura guda tana ba da kariya ga fiye da mutum 95 cikin 100, kuma kariyar tana daɗewa. Ana haɗa ta da ta dusa a sirinji ɗaya. Sanagal da Gana sun fara yin ta a 2013, Burkina Faso a 2014, Kwaddibuwa a 2018. A farkon 2024, ƙasashe 175 cikin 194 na yin ta, kuma Nijar na cikin 19 da ba su fara ba a lokacin. Najeriya ta ƙaddamar da babban gangaminta a watan Oktoba na 2025, ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14.

Saboda haka ku duba karnen yaro. In an rubuta VAR, allurar dusa ce kaɗai. In an rubuta RR ko ROR, ta haɗa da rubeyol. Yawancin matan da ke haihuwa yanzu a Adar, allurar da aka yi musu suna wata tara ta dusa ce, ba ta kare su daga rubeyol.

Abu uku game da allurar. Ba a yi ma mai ciki ita. Wadda aka yi ma, ta jira wata guda kafin ta ɗauki ciki. In kuma an yi ma macce ba a san tana da ciki ba, kada hankali ya tashi, an bi dubban mata irin haka ba a ga allurar ta nakasa ɗa ba. Duk ranar da ma'aikatan lafiya suka shigo gari don rigakafin yara, a fito da kowa, maza da mata. Yaron da aka yi ma allura ba zai kwaso cutar daga makaranta ko dandali ya kai ma uwarsa ko matar wansa ba.

CMV, cutar da ke cikin yawu da fitsarin yara

Wannan ita ce birus ɗin da jarirai suka fi zuwa duniya da shi. Babba in ya kamu, yawanci bai san ma ya kamu ba. Ƙananan yara suna ɗauke da shi cikin yawu, majina da fitsari tsawon watanni. Yawancin jariran da aka haifa da shi lafiya lau suke tashi, amma kamar ɗaya cikin biyar yana samun matsala mai ɗorewa, mafi yawa ta kunne. Ba shi da allurar rigakafi.

Kariyarsa tana hannun uwa. Mai sabon ciki da ke goyon wani yaro ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi masa tsarki ko ta share masa hanci. Ta bar tsotse masa majina da baki, ta sa ƙyalle. Kada ta sha ragowar kununsa da ludayin da ya sha, kada ta ƙarasa abin da ya gutsura. Ba a ce ta guji ɗanta ba, goyo da runguma ba laifi.

Ƙarambau da dusa

Macce da ba ta taɓa yin ƙarambau ba, in ta kamu kafin wata biyar, akwai ɗan haɗari ga ɗan tayi, wanda bai wuce biyu cikin ɗari ba: tabo a fata, gajartar hannu ko ƙafa, lahanin ido. Uwar kanta tana iya shan wuya, don ƙarambau na manya yakan sauka a huhu. In kuma ƙurajen suka fito mata kwanaki kaɗan kafin haihuwa ko bayanta, jinjirin yana buƙatar likita da gaggawa.

Dusa ba a san ta da nakasa ɗan tayi ba, amma tana zubar da ciki, tana kawo haihuwar bakwaini, tana kuma jigata uwa. In tana gari, mai ciki ba ita ce mai jinyar yaran ba.

Abin da ya faru a arewacinmu a 2016

Mutanen Cintabaradan, Tasara da Abalak ba su manta daminar 2016 ba. Tumaki, awaki da shanu suka yi ta ɓari, ƙananan bisashe suka yi ta mutuwa, sannan mutane suka fara kwanciya da zazzaɓi, wasu idonsu ya yi rawaya, wasu suna zubar da jini. Aka aika jini cibiyar Pasteur ta Dakar, a tsakiyar watan Satumba aka tabbatar zazzaɓin Rift ne. Alƙaluman OMS sun nuna daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba mutum 64 sun kamu a gundumar lafiya ta Cintabaradan, 28 sun rasu. Yawancinsu makiyaya ne. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka taimaka wajen buɗe wurin jinya a garin.

Sauro ne ke yaɗa cutar tsakanin bisashe, musamman a shekarar da ruwa ya yi yawa, tafkuna suka cika. Mutum kuma ya fi ɗaukar ta wajen yanka da fiɗa, wajen taɓa ɗan da dabba ta zubar da mabiyiyarsa, ko shan ɗanyar madara. Abin da ya haɗa ta da zancenmu shi ne wani bincike da aka yi a garin Port Sudan, aka buga a 2016, wanda ya iske cikin mata masu ciki da suka zo asibiti da wanga zazzaɓi, fiye da rabi sun yi ɓari. To ita ɓarnarta zubar da ciki ce.

A gidajenmu macce ce ke tatsa, ita ke gyaran kayan ciki, sau da yawa ita ke kama akuya in haihuwa ta yi mata gardama. In aka ga bisashe suna ɓari da yawa a lokaci guda, a sanar da ma'aikatan kiwo. Mai ciki ta janye daga tatsa da gyaran nama. Ɗan da dabba ta zubar, namiji ya ɗauke shi da hannu cikin leda ya binne da zurfi. Dabbar da ke ciwo kada a yi saurin yankawa a raba nama. Madara kuma a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da nono.

Ga na ƙasashen waje: Zika

Zika sauron da ke cizo da rana ne ke kawo ta, irin mai hayayyafa cikin randa da tsoffin tayoyi. A 2015 ta bazu a Barazil, aka haifi dubban jarirai masu ƙaramin kai, har OMS ta ayyana dokar gaggawa ranar 1 ga Fabrairun 2016. A wannan lokacin ta kama dubban mutane a tsibiran Kap Bar, nan Afirka ta Yamma. Tana kuma bi ta kwanciyar aure, har watanni bayan namiji ya warke. Wanda ya dawo daga ƙasar da ake fama da ita, matarsa na da ciki, ya nemi shawarar likita.

In mai ciki ta yi zazzaɓi, mi za a yi?

A kai ta likita ranar, ko da jiki bai yi tsanani ba. A ƙasarmu yawancin zazzaɓi na cizon sauro ne, kuma shi ma yana zubar da ciki, yana ƙarar da jini. Gwajinsa na ɗan yatsa minti kaɗan ne.

Ta faɗa ma majo ko ungozomar likita cewa wata ya ɓace mata, ko da ba ta faɗa ma kowa a gida ba. Aikinsu ya haɗa da riƙe sirri, kuma maganin da ake ba mai ciki dabam ne. Ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, ranar da ƙuraje suka fito, da ko akwai yaro mai ƙuraje a gida ko maƙwabta. In da ƙuraje, a sanar tun a ƙofa domin kada a zaunar da ita cikin sauran masu awo. Ido kaɗai ba ya bambance dusa da rubeyol, sai an ɗibi jini an aika ɗakin bincike.

Kada a sayi magani hannun masu talla a kasuwa. Wasu kafso da ƙwayoyin ciwon jiki su kansu suna cutar da ɗan tayi. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba.

Rubeyol in ta shiga ba ta da maganin da zai fitar da ita. Amfanin zuwa da wuri shi ne a san ko ita ce ko ba ita ba, a yi maganin abin da ke da magani, a bi cikin da hoton eko, a shirya haihuwa inda akwai masu duba jinjiri. Daga CSI ana tura mai buƙata asibitin gunduma, ko cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Tawa. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. OMS kuma tana son a fara awo kafin ciki ya wuce sati 12. A nan ne ake ba da ƙwayar ƙarin jini, wadda ke da sinadarin da ke taimakon ƙashin baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, tare da gidan sauro da gwajin jini.

Bayan haihuwa

Ku duba idon jinjiri cikin haske. In tsakiyar baƙin ido ya yi fari, a tafi likita cikin satin nan, kada a jira arba'in, kada a ɗiga komi. Yanar jarirai ana yi mata aiki, amma a watannin farko aikin ya fi amfani, don idon da bai ga haske da wuri ba ba ya koyon gani. Ku lura ko yana firgita in ƙwarya ta faɗi ko an buga ƙofa. Ku lura ko yana haki da zufa wajen shan nono, yana saki yana kamawa, nauyi ba ya ƙaruwa, wannan yana iya zama zuciya.

Jinjirin da aka haifa da rubeyol yana iya yaɗa ta har shekara guda ko fiye. Ranar suna da zuwa barka, masu sabon ciki su yi gaisuwa su bar ɗaukarsa. Wannan ba ƙyama ba ce.

Yaron da bai ji, kansa lafiya lau yake. In aka fara yi masa magana da hannu tun yana ƙarami, yana koyo, yana karatu, yana sana'a. Akwai makarantun kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram.

Kada a ɗora ma uwa laifi

In aka haifi yaro da naƙasa, magana takan yi yawa: ta fita da almuru, ta gamu da iska, kishiya ta yi mata sammu, ko a danginsu ne. Akwai auren da ya mutu kan haka. Macce da ta shaƙi ƙwayar cuta wajen biki ko bakin rijiya ba ta aikata komi ba. Kuma ba kowace naƙasa ce birus ke kawowa ba, akwai ta gado, akwai ta ƙarancin abinci, akwai ta magani, akwai ta wahalar naƙuda. Wadda rubeyol ta taɓa ma ɗa sau ɗaya ta samu kariya, cikin da zai biyo baya wagga cuta ba ta sake taɓa shi.

Iyayenmu mata, ku kuke fara gane yarinya ta samu ciki tun ba ta buɗe baki ba. Ku sauƙaƙa mata, ku raka ta awo tun watan farko da ya ɓace. Ku kuma magidanta da ke bida, galibi kuna tafiya bayan girbi, kun bar iyali da ƙaramin ciki, a daidai lokacin da waɗannan cututtuka ke yawo. In kun kira gida, ku tambayi matarku da kanta ko ta fara awo, ku bar izinin zuwa likita tun kafin ku tafi, kuma cikin saƙon da kuke aikowa ku ware kuɗin mota zuwa CSI.

Mai tambaya ya aiko ta lambar gidan rediyo, za mu miƙa ta ga ma'aikatan lafiya a shiri na gaba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a.